Mun yi asara, mun biya haraji, kuma littafi ya ce muna bin gwamnati biliyan 2.8

Akantan Sharaɗa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan aiki, domin mako guda ke nan ina juya takarda ɗaya na kasa sauke ta.

Ni akanta ne a wata masana'antar roba a Sharaɗa, nan Kano. Jarkoki muke bugawa da bokitai da robobin zuba man gyaɗa. Mu reshe ne, uwar kamfanin tana Holan, tana da 'ya'ya a ƙasashe da yawa har da wani ƙarami a Nijar. Shekara shida ina wurin, amma sai bara aka jibgo mini harkar haraji gaba ɗaya, bayan wanda ke riƙe da ita ya samu wani aikin a Legas. Abin da ya bar mini shi ne fayil ɗin Excel mai shafi goma sha huɗu, sai addu'a.

A 2021 uwar kamfani ta ranta mana dala miliyan 8. Har yau ba mu taɓa uwar kuɗin ba, kuɗin ruwa kawai muke turawa, shi ma da ƙyar. A ƙarshen 2022 dala tana wajen naira 460, bashin yana zaune a littafinmu a kan biliyan 3.7. Watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira, shekara ta ƙare dala ta haura 900, bashi ya koma biliyan 7.3. Ƙarshen 2024 dala ta kai wajen 1,535, bashi ya zama biliyan 12.3. Ko sisi ba a ƙara mana ba, injinan nan dai su ne, amma cikin shekara biyu mun rubuta asarar canji ta kusan biliyan 8.6. Na san ba mu kaɗai abin ya doka ba. MTN Nigeria ta sanar da asarar biliyan 137 a 2023, Nestlé Nigeria kuma wajen biliyan 79. Sai dai su suna da runduna guda ta masana haraji, ni kuwa daga ni sai wata yarinya mai bautar ƙasa.

Ku ɗauki 2024 kawai. Kafin a saka maganar canji mun ci ribar biliyan 1.9. Asarar canji ta shekarar biliyan 5 ce, sai muka faɗa asarar biliyan 3.1. Da muka zo lissafin haraji aka mayar da biliyan 5 ɗin nan cikin riba, saboda ba a biya bashin ba tukuna, asarar a takarda take. Muka biya harajin kamfani miliyan 450, harajin ilimi miliyan 72. Amma a bayanin riba da asara, layin haraji bai rage mana komai ba, ƙara mana ya yi da kusan biliyan ɗaya, saboda jinkirtaccen haraji, wato harajin da ake rubutawa a littafi yau amma sai nan gaba zai shafi abin da za a biya. A jadawalin kadarori kuma ga wata kadara ta biliyan 2.8, wato kashi 33 (30 na harajin kamfani, 3 na ilimi) na biliyan 8.6 ɗin can.

Ranar da manajan daraktanmu ya gani, kirana ya yi ofis. Ya shimfiɗa rasit ɗin TaxPro-Max, manhajar biyan haraji ta hukuma, a hannun dama, bayanin kuɗi a hagu, ya ɗora gilashinsa a tsakaninsu ya ce, "Malam, wannan ta ce mun ba gwamnati rabin biliyan, wannan ta ce gwamnati ce ta ba mu biliyan. Wacce ce ta yi ƙarya?" Na yi ta bayani har shayinsa ya huce. Ya gyaɗa kai don dai a rabu lafiya.

Yanzu muna shirin rufe littafin 2025. Oditocinmu sun zo binciken tsakiyar shekara sun ce sai mun kawo hujjar barin biliyan 2.8 ɗin a littafi, in ba haka ba a share ta. Bana naira ta ɗan nutsu, muna sa ran ribar biliyan 2.5. Idan aka share kadarar nan, harajin da zai fito a littafi zai fi ribar kanta yawa, ni kuma zan tsaya gaban mutanen Holan in faɗa musu haka. Su ma sun turo wani sabon fom suna so a fayyace musu jinkirtaccen harajin layi-layi, kuma akwai jita-jitar za a mayar da bashin hannun jari. Wace hujja ake kai wa odita a irin wannan? Da wane kaso zan auna bana, 33 ko 34 na sabuwar dokar haraji? Kuma me ya sa uwar kamfani ta damu da wannan layi yanzu, bayan shekara da shekaru ba ta tambaya?

Tsohon Odita:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaya wa ogan naka babu wadda ta yi ƙarya. Rasit yana ba da labarin abin da ya fita daga banki bana. Bayanin kuɗi yana ba da labarin harajin da ya rataya a kan ciniki na bana, ko yau za a biya ko bayan shekara biyar. Hukumar haraji ba ta san asarar canji ba sai ranar da aka biya bashin, ita hukumar, FIRS, ta sake nanata wannan a sanarwarta ta Yunin 2024. Shi kuwa IAS 12, ƙa'idar akanta ta duniya a kan haraji, cewa ya yi, tunda ka rubuta asarar yau, to rubuta rangwamen da za ta jawo maka yau ɗin. Gwamnati ba ta riƙe maka ko kwabo ba. Alkawari ne ka yi wa kanka cewa wata rana za ka biya ƙasa da yadda ya kamata.

Alkawarin nan ƙafa biyu yake da ita. Ta farko, za ku sami ribar da za a cire asarar daga ciki? Nan ne oditoci suka fi son tsayawa, su ce kawo hasashen shekara biyar. A wurinku wannan ba wuya. Kuna cin riba a ainihin sana'arku, kuna biyan haraji duk shekara, kuma a Najeriya asarar kamfani ba ta ruɓewa, ana tafiya da ita gaba har ta ƙare. Ka dai yi hasashe na mutunci. Na taɓa zuwa bincike wata masana'anta da aka miƙo mini takardar da ke nuna ciniki zai ninka cikin shekara biyu. Na leƙa ta taga na ga layin injina uku, biyu an lulluɓe su da tamfol, janareta ɗaya ke nishi. Na mayar musu da takardar ba tare da na buɗe shafi na biyu ba.

Ƙafa ta biyu ita ce ba ka ambata ba, kuma ita ce ke ba ni tsoro. Ranar da kuka biya bashin, asarar ta tabbata, hukuma za ta yarda a cire ta? Me kuka yi da dala miliyan 8 ɗin? Ka ce "injinan nan dai su ne", kunnena ya tsaya a nan. Dokar harajin kamfanoni ba ta yarda a cire abin da aka kashe a kan jari daga riba ba. Idan ƙwayar roba kuka saya da kuɗin kuka narka kuka sayar, asarar canjin ta ciniki ce, hujjarku tana da ƙarfi. Idan injina kuka saya, jami'in haraji zai ce asarar jari ce, kuma zai faɗa da murmushi. In haka ta tabbata, ko ribar duniya kuka ci babu abin da za a cire, kadarar ta zama iska.

Kada ka ce ai ba lallai su gano ba. Tun 2019 da IFRIC 23, ƙa'idar harajin da ake shakkar matsayinsa, ya fara aiki an toshe wannan ƙofar. An ce ka ɗauka hukuma za ta bincika, kuma ta san duk abin da ka sani. A kan haka za ka yi hukunci: shin ya fi kusa su amince ko su ƙi?

Akwai kuma wadda ta fi zafi. Idan ta bayyana cewa tun 2023 bai kamata a rubuta wani ɓangare na kadarar ba, kuma takardun da ke nuna haka suna cikin kabad ɗinku tun lokacin, wannan kuskuren baya ne a ƙarƙashin IAS 8, ƙa'idar gyaran kurakurai da canjin hasashe. Gyara alƙaluman shekarun baya ake yi, ba a zuba shi duka a kan ribar bana. Ta wani gefen wannan sauƙi ne gare ka, ribar 2025 ta tsira. Amma ka sani oditocin da suka sa hannu a 2023 da 2024 ba za su so kalmar "kuskure" ba, za su fi son a ce an canza hasashe ne. Ka shirya wa wannan zaman.

Maganar mayar da bashi hannun jari, kada ka bari a yanke ta a Holan ba tare da an ji ta bakinka ba. Wasu na ganin an biya bashin ke nan da hannun jari, asara ta tabbata. Jami'in haraji zai iya cewa ko dala ɗaya ba ta fita ba. Ku nemi ra'ayin masani a rubuce kafin a sa hannu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman Sadik:

Baba Odita ya gama da babbar magana, ni bari in ɗauki kaso da fom ɗin Holan, su nake yi kullum.

Malam, 34 za ka yi amfani da shi, amma ba a kowane layi ba. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yunin 2025, ranar fara aikinsu 1 ga Janairun 2026. Harajin ilimi na kashi 3 da sauran ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa gefe-gefe an dunƙule su sun zama harajin raya ƙasa na kashi 4. Ƙa'idar IAS 12 ita ce a auna da kason da zai yi aiki ranar da bambancin zai warware, muddin dokar ta tabbata kafin ranar rufe littafi. Ta tabbata tun Yuni. To asarar canji da tanade-tanaden da ba a biya ba, irin na sallamar ma'aikata da na bashin da ake shakkar karɓowa, 30 da 4 ne, 34. Amma bambancin da ke tsakanin tsufan injina a littafi da alawus ɗin jari na haraji yana nan a 30, haka ma asarar da aka ɗauko daga baya, saboda ana lissafa kashi 4 ɗin ne kafin a cire su. Na sha ganin fayil da aka ja kaso ɗaya daga sama har ƙasa. Duba shafukan nan goma sha huɗu da aka bar maka, ba mamaki haka aka yi. A kan biliyan 8.6, ƙarin kashi ɗaya miliyan 86 ne, kuma layinsa daban a jadawalin daidaita kason haraji.

Fom ɗin Holan kuwa ba don sun fara ƙaunar Sharaɗa ba ne. A Oktoban 2021 ƙasashe 136 suka amince a ƙarƙashin ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD cewa duk rukunin kamfanonin da cinikinsa ya kai yuro miliyan 750 a shekara sai ya biya aƙalla kashi 15 a kowace ƙasar da yake aiki. Najeriya ba ta sa hannu ba a lokacin, ita da Kenya da Pakistan da Sri Lanka. Tarayyar Turai ta mayar da shi doka, Holan ta fara aiwatarwa daga shekarar kuɗi ta 2024. Idan kasonku a Najeriya ya faɗi ƙasa da 15, cikon a can za a karɓe shi daga uwar kamfani. A wannan lissafi ana shigar da jinkirtaccen haraji, amma sai an sake auna shi a kan 15, kuma akwai layukan da ake fitarwa, shi ya sa suke son ganinsa ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar dokarmu ma ta kafa nata kashi 15 ɗin a kan irin waɗannan kamfanoni, don in za a karɓi ciko a karɓe shi a nan. Abu ɗaya mai sauƙi: tun Mayun 2023 aka gyara IAS 12 aka ce kada a rubuta jinkirtaccen haraji a kan wannan cikon, bayani kawai ake yi.

Sai wani abu da ba ka tambaya ba. Kuɗin ruwan da kuke turawa uwar kamfani, tun Dokar Kuɗi ta 2019 ba a cire fiye da kashi 30 na ribar da aka samu kafin ruwa da haraji da tsufan kadara. Abin da ya haura ana ajiye shi, amma shekara biyar kawai yake rayuwa. Yadda dala ta ninka sau uku, ruwanku a naira ma ya ninka, da wuya a ce ba ku haura ba. In an rubuta kadara a kan wannan ragowar, ita tana da ranar mutuwa, a can ne hasashen shekara biyar yake da aiki na gaske. Ka kuma tabbata takardunku na farashi tsakanin 'yan uwan kamfani, bisa ƙa'idojin 2018, sun nuna dalilin kason ruwan da ake cajin ku.

Ɗan Kwari:

Ni ba akanta ba ne, atamfa nake sayarwa, ɗana ne ke karatun akanta na ICAN nake leƙowa ta wayarsa. Amma mu a kasuwa, bashin da sai ka fara biyan naka biliyan 12 kafin a rage maka 2.8, ba ma sa shi a littafi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Allah ya ba ku haƙuri da wannan boko.

Na Maraɗi:

Alhaji Ɗan Kwari, ashe kai ɗan OHADA ne ba ka sani ba, wato tsarin dokokin kasuwanci da muke bi a nan. Nan Nijar a littafin kamfani ɗaya tilo lanhon, wato harajin, da ya wajaba a shekarar kawai muke rubutawa, kashi 30 na riba, a asusu mai lamba 89, bashinsa a 441. Sabon SYSCOHADA, tsarin akantarmu da ya fara aiki a 2018, bai kawo jinkirtaccen haraji cikin irin wannan littafi ba, sai wurin haɗa littattafan rukuni.

Malam Akanta, abin da ya sa na sa baki ke nan. In uwar kamfaninku tana karɓar alƙaluma daga reshen Nijar, littafi biyu yaran can suke riƙewa, na hukuma da na IFRS, ƙa'idojin duniya irin naku, kuma jinkirtaccen harajin a na biyun kawai yake, da hannu ake ƙirƙiro shi a ƙarshen shekara. In aka ce ka kwatanta naku da nasu kada ka ɗauko na hukuma, za ka ga sifili ka zaci sun fi ka tsabta.

Ciwon canji kuwa mu da sauƙi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, bashin da uwar kamfani ta bayar da yuro ba ya motsi ko shekara goma ya yi. Na dala ne ke motsawa, shi ma bambancin a 478 ko 479 muke ajiye shi, in asara ce a yi mata tanadi. Lokacin da naira ta faɗi, 'yan kasuwarmu da ke sayo jarkoki daga Kano har murna suka yi, kaya ya yi araha a sefa. Watakila ma naku ne suke lodawa ta Jibiya.

Akantan Sharaɗa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarka ce ta hana ni zama. Jiya bayan la'asar na sa mai gadi ya buɗe mini tsohon sito, muka sauko da katan-katan na 2021, ƙura har cikin hanci. Na samu takardun. Dala miliyan 5 injina biyu aka saya da ita da mulmulolinsu, miliyan 3 ƙwayar roba ce, kwantena-kwantena, ga takardun kwastam. Yarjejeniyar bashin kuwa shafi huɗu ce kacal, ta ce "don bukatun kamfani", ba ta raba komai ba.

Ke nan a cikin biliyan 2.8, biliyan ɗaya da 'yan kai tana tsaye da ƙafafunta, biliyan 1.8 kuma ita ce a bakin rami. Na zauna da manajan darakta yau da safe. Wannan karon ban yi dogon bayani ba, na ce masa kuɗin roba za a yafe mana harajinsa, na injina sai an yi shari'a. Nan take ya gane, har ya ce me ya hana ni faɗin haka tun bara. Ya amince a ɗauko masanin haraji ya ba mu ra'ayi a rubuce, a kan injinan da kuma maganar hannun jari, na kuma tura wa Holan saƙo cewa su dakata.

Hajiya, kin canka daidai. Kaso ɗaya aka ja, 33 daga sama har ƙasa, har kan injina. Kuma na samu wata kadarar ta miliyan 200 da 'yan kai a shafi na goma sha ɗaya, a kan ragowar kuɗin ruwa, babu ko shekarar da kowane ɓangare zai mutu. Yarinyar nan mai bautar ƙasa na sa ta tana warware shi shekara-shekara.

Alhaji Ɗan Kwari, na karanta wa oga maganarka, ya ce a tambaye ka ko kana neman aiki.

Saura zaman da oditoci ranar Talata. Baba, in fara ambatar IAS 8 da bakina, ko in bari su kawo ta?

Tsohon Odita:

Kada ka ambaci sunanta. Ka shimfiɗa musu takardun kwastam da kwanan watansu a jiki, ka yi shiru, su za su lissafa da kansu. Kafin Talata ka nemo Form M, takardar shigo da kaya, na injinan, da takardar CCI, shaidar shigo da jari, da banki ya bayar lokacin da kuɗin suka shigo, don ko bashin za a biya ko hannun jari za a mayar da shi sai an tambaye ka ita. Ka ɗauki hoton komai a waya yau ɗin nan, kada ka mayar da katan ɗin sito.